Baba Ya Ƙi Tiyata Saboda Tsoron Allurar Barci

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina yana fama da ƙaba, likitoci a Gusau sun ce sai an yi masa tiyata, amma ya ƙi, yana cewa wanda aka yi wa allurar barci ba lallai ne ya farka ba. Yanzu kuma wani mai kemis ya ce zai yi masa aikin a ɗakin bayan shagonsa a kan kuɗi kaɗan. Mene ne gaskiyar haɗarin waɗannan magunguna? Daga 'yarsa, Ƙauran Namoda.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Tsoronsa yana da tushe, domin abin da muke kira barcin tiyata ba barci ba ne irin wanda ake tayar da mutum daga cikinsa da kiran suna. Maganin yana danne aikin ƙwaƙwalwa ne, har da ɓangaren da ke kula da numfashi, sai harshe ya saki ya toshe maƙogwaro, numfashi ya ragu ko ya tsaya, jini ya sauka, tari kuma ya ɗauke, ta yadda idan amai ya taso zai zarce cikin huhu. Ƙwaƙwalwar da ta rasa iskar oksijin kuwa, cikin 'yan mintoci take fara lalacewa.

An san wannan haɗari tun farko. A 1847 aka fara amfani da wani magani mai suna kulorofom wajen sa barcin tiyata a Sikotilan, a 1848 kuma wata yarinya mai shekara 15, Hannah Greener, ta rasu a Ingila bayan an shaƙa mata shi domin a gyara mata farcen ƙafa kawai. Daga baya likitoci suka daina amfani da shi saboda yana rikita bugun zuciya, yana kuma lalata hanta. Magungunan yau sun fi shi aminci nesa ba kusa ba, amma amincin nasu ya rataya ne a kan ƙwararren da ke tsaye a kan majinyaci daga farko har ƙarshe, da na'urar auna oksijin a yatsa, da tukunyar oksijin, da bututun da ake zura wa mutum idan numfashinsa ya tsaya. Furofofol, wani maganin sa barci wanda asibitocin duniya ke amfani da shi kullum lami lafiya, shi ne ya yi ajalin mawaƙin Amurka Michael Jackson a 2009, domin a ɗakin kwanansa aka ba shi, babu kulawar da ta kamata.

Saboda haka ina roƙonki da babbar murya, kada ku kai Baba ɗakin bayan kemis. Ko da allurar barci mai suna ketamin aka yi masa, wanda ake ganin bai cika danne numfashi ba, yana ɗaga hawan jini, yana ƙara yawu a maƙogwaro, yana kuma sa gane-gane lokacin farkawa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga dattijo.

Wani abin da zai kwantar masa da hankali shi ne, sau da yawa ana aikin ƙaba ba tare da an sa mutum barci ba. Akan yi allura a ƙashin baya wadda ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa, ko a kashe wurin kaɗai, majinyaci yana farke yana jin hirar ma'aikata. Ku koma asibitin, ku nemi ganin likitan sa barci, Baba ya yi masa tambayoyinsa da bakinsa. A gaya wa likitan komai: hawan jini, ciwon suga, asma, maganin gargajiya, taramadol ko taba, da kuma ko wani a dangi ya taɓa samun matsala a wajen tiyata. Idan an ce kada ya ci abinci, yawanci awa 6 kafin aiki, kada tausayi ya sa a ba shi ko da kunu ne a ɓoye. Bayan aiki zai iya jin tashin zuciya, rawar sanyi ko ɗan ruɗewa, waɗanda galibi kan wuce.

Kafin ranar, idan kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ga ciwo mai tsanani da amai, alama ce hanji ya maƙale, ku garzaya da shi asibiti a take, ko da tsakar dare ne.