Almon mai tambarin kare muhalli: in biya ƙarin kuɗin ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da dabino, kashu da almon a Kano, ina saro kayan ta Dubai. Dilan da nake mu'amala da shi ya ba ni zaɓi biyu na almon ɗin Amurka. Ya ce na biyun daga gonakin da ke tattalin ruwa da kare ƙudan zuma ya fito, amma ya fi na farko tsada da kusan kashi 10 cikin ɗari. Shin wannan magana gaskiya ce, ko dabarar ƙara kuɗi ce kawai? Jarina ba shi da yawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sanya albarka a kasuwa. Maganar tana da tushe, amma kada ki biya ko sisi a kan hoton ganye da ƙudan zuma da aka buga a jikin kwali. Ki biya a kan takarda.

Kusan kashi 80 cikin ɗari na almon ɗin duniya daga jihar Kaliforniya ta Amurka yake fitowa, daga wani dogon kwari da ke tsakiyar jihar, wajajen Fresno da Modesto. Duk abin da ya sami manoman wannan kwari, sai ya biyo jirgin ruwa ya same ki a shago. Babbar damuwarsu kuwa ruwa ce. Lokacin farin da aka yi daga 2012 zuwa 2016, an yi ta yayata cewa ƙwayar almon ɗaya tana shan kusan lita 4 na ruwa kafin ta nuna, kuma manoman sun sha suka sosai. Da ruwan madatsu ya yi ƙaranci sai suka koma haƙa burtsatse masu zurfi, har ƙasa ta riƙa lotsawa a wasu wurare, rijiyoyin ƙananan gidaje suka ƙafe. A 2014 jihar ta kafa dokar da ta wajabta wa yankunan da abin ya fi tsanani su daidaita ruwan da suke zuƙowa da wanda ke komawa ƙasa zuwa shekarar 2040.

Wannan doka ce ya kamata ɗan kasuwa ya sa wa ido. Bishiyar almon ba gero ba ce da za a ce bana babu ruwa, a bar gonar sai baɗi. Tana ɗaukar shekara 3 zuwa 4 kafin ta fara 'ya'ya, tana kai wajen shekara 25 a gona, kuma kowace shekara sai ta sha. Manomin da ya sa bututun ban ruwa na ɗigo-ɗigo, yana auna danshin ƙasa kafin ya kunna famfo, shi ne zai ci gaba da noma. Wanda bai yi ba, tumɓuke bishiyoyinsa zai yi. An riga an fara gani: wajen 2014 manomi yana samun kusan dala 4 a laba ɗaya, wato ɗan ƙasa da rabin kilo, amma zuwa 2022 farashin ya faɗi ƙasa da dala 2, ga tsadar ruwa, sai faɗin gonakin ya fara raguwa. Idan gonaki suna raguwa, kada ki gina lissafinki a kan cewa arha za ta dawwama.

Hukumar almon ta Kaliforniya, wadda aka kafa a 1950, ta fito da wasu manufofi a 2018 da ta so a cimma zuwa 2025: a ƙara rage ruwan da ake kashewa kan kowace laba da kashi 20, a rage ƙurar girbi da rabi, a daina zubar da komai daga gona. Ɓawon waje ana ba shanun madara, tsofaffin bishiyoyi kuma ana niƙe su a mayar cikin ƙasa maimakon a ƙona. Ina ganin ƙoƙari ne na gaske. Sai dai ki sani, babban shirin hukumar na kula da gonaki, manomi ne ke cike tambayoyi yana auna kansa. Yana da amfani wajen gyara aiki, amma ba daidai yake da shaidar da wani mai bincike na waje ya zo gona ya duba ya sa hannu ba. Saboda haka idan dila ya ce kayansa suna da shaida, ki tambaye shi wace hukuma ce ta bayar, kuma mene ne lambarta.

Batun ƙudan zuma ma gaskiya ne. A watan Fabrairu, lokacin furen almon, ana kwaso amya wajen miliyan 2 na masu kiwon zuma a manyan motoci daga sassan Amurka domin ƙudan su yi wa furen barbara, ana ajiye kamar biyu a kowace eka. Manomin da ke feshi da rana tsaka lokacin da ƙudan ke kan fure, dukiyar wani yake kashewa, kuma kansa yake cuta.

Amma inda nake so ki tsaya ki yi tunani shi ne maganar tsutsa, domin a nan ne kyakkyawan noma ke shiga aljihunki kai tsaye. Akwai wata tsutsa da ke huda almon tun yana kan bishiya, kuma ta ramin da ta yi ne fumfuna ke shiga, irin wadda ke haifar da gubar aflatoksin mai lalata hanta. Mun san wannan guba a gyaɗa da masara a nan gida. Manomi mai lura ba ya jiran feshi kaɗai. Da sanyi yakan girgiza bishiyoyi ya kakkaɓe ragowar 'ya'yan bara, ya farfasa su, domin a cikinsu tsutsar ke fakewa har sabuwar shekara. Yakan kuma rataya wasu na'urori masu fitar da ƙamshin macen ƙwaron, namiji ya rikice ya kasa gano ta. Sakamakon shi ne ƙarancin magani a gona da ƙarancin huji a buhu. Ke kuma kin san abin da huji ke yi wa riba: ki zauna kina tsincewa, kina zubar da abin da kika biya da dala. Kin kuma tuna yadda Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015 saboda ragowar maganin ƙwari. Kasuwar duniya ba ta yafe irin wannan.

Don haka ki nemi dilan ya turo miki takardar gwajin ɗakin bincike ta wannan rukunin kaya, wadda ke nuna aflatoksin da danshi, da sunan kamfanin da ya tattara kayan a Kaliforniya, da shekarar girbi. Ana girbi ne daga Agusta zuwa Oktoba, kuma ba abin mamaki ba ne a sami kayan bara a cikin masu arha. Almon abu ne mai maiƙo, idan ya daɗe ya haɗu da zafin Kano sai ya fara warin tsohon mai. Ki nemi wannan takarda a kan nau'in biyu duka. In ya kawo ta mai tsadar ya kasa kawo ta mai arhar, kin sami amsa. In duka ya kasa, to kwali yake sayar miki, ki nemi wani dila.

Tunda jarin bai da yawa, kada ki juye shi gaba ɗaya. Ki ɗauki kwali biyu ko uku na mai tsadar tare da wanda kika saba. Ki auna kilo ɗaya daga kowanne, ki tsince masu huji da karyayyu, ki sake aunawa, sannan ki raba kuɗin sari da nauyin da ya rage. Nan ne za ki ga ainihin farashin kilo, kuma a nan za ki gane ko kashi 10 ɗin nan ta biya kanta. Mai tsadar ki tanade shi don masu haɗa kwandon kyauta na azumi da sallah, da manyan kantuna, su ne ke tambayar asalin kaya. Ki ajiye shi a wuri mai sanyi a rufe, nesa da yaji da turare, domin yana ɗaukar wari. Kuma a jikin ledarki kada ki rubuta abin da takardar da ke hannunki ba ta faɗa ba.