Tauna, Santi da Kawaici: Amsa ga Mai Tambaya daga Kumasi

Wata mai karatu daga unguwar Aboabo a Kumasi ta aiko da tambaya mai rassa biyu. Ta ce tana aiki a wani ofis a Adum, teburinta yana dab da na wani dattijo da ya girme ta nesa ba kusa ba, wanda yakan ci waakyensa, wato shinkafa da wake irin na Ghana, a wurin aiki, ya bi da aya ko goro, kuma ƙarar bakinsa tana hana ta sukuni har takan rasa abin da take rubutawa. Tana son ta san sunan wannan ɗabi'a a Hausa, ko ita ce ake kira santi, sannan tana neman karin maganar da za ta jefa masa ya gane ba tare da ta fito fili ba.

Malama, abin da kike ji ba santi ba ne. Santi shi ne daɗin abinci ya kwashe mutum har ya saki baki da yabo, ko ya kama wata hira marar kan gado, ko ya riƙa kaɗa ƙafa yana lumshe ido, kuma Bahaushe yana ɗaukarsa abin dariya da tsokana, domin yana tona cewa mai cin bai saba da irin wannan girki ba. Mai santi yana iya tauna a hankali ba a ji motsin bakinsa ba, mai ƙarar tauna kuwa yana iya cin abin da ko daɗinsa ba ya ji.

Ita ƙarar baki, Hausa ba ta tara ta a kalma ɗaya ba, rarraba ta ta yi gwargwadon abin da ake ci da yadda ake cin sa, kuma mafi yawan aikin yana hannun kalmomin da masana nahawu ke kira amsa-kama, wato waɗanda ke kwaikwayon sauti ko kamannin abu. Mai cin aya ko ƙuli-ƙuli yana tauna garas-garas, mai cingam yana yi ƙas-ƙas, wanda ya kafa kai a kofi yana haɗiya maƙwat-maƙwat. A ɓangaren aikatau akwai gurgura, wadda ake yi wa ƙashi ko masara, da tsotsa, da tanɗar baki bayan an gama. Akwai kuma bambanci tsakanin kurɓa da zuƙa wanda ya kamata a kula da shi: mai kurɓa yana ɗaukar kaɗan ne a bakinsa, mai zuƙa kuwa yana jan abin sha tare da iska, kuma iskar ce ke kawo ƙara. Wanda ya zuƙi koko mai zafi da safe yana da uzuri, domin da haka yake rage zafinsa. Haka nan a ƙasar Asante ba a tauna fufu, haɗiye shi ake yi a bi da miya, kamar yadda muke yi wa tuwo, kuma ba wanda ke ɗaga kai a gidan abinci don ya ji an zuƙi romo. Abin da ya sa ya zama damuwa gare ki shi ne an kawo shi ɗakin da aka tanada don aiki, inda kowa ya yi shiru.

Akwai wata ƙarar bakin da ba ki ambata ba, ita ce tsaki, kuma ina zargin tana neman kuɓuce miki a duk lokacin da ya fara tauna. A ma'aunin Bahaushe tsaki ya fi duk waɗancan nauyi, domin su mai yin su bai sani ba, shi kuwa tsaki da gangan ake yin sa, kuma ƙarami ya yi wa babba tsaki daidai yake da zagi.

Batun karin maganar da za ki jefa masa, a nan ba na tare da ke. Jefa magana a gaban jama'a don wani ya tsargu sunansa habaici, idan kuma aka fake da wani abu daban ana nufin mutum, ya zama gugar zana. Duka biyun makaman faɗa ne, an fi jin su tsakanin kishiyoyi da maƙwabtan da suka ɓata, kuma dattijo ba zai ji gyara a cikinsu ba, raini zai ji. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan hanya a matsayin kawaici, alhali kawaici shi ne ka ga abu ka kau da kai, ka bar shi har cikin zuciyarka. Wanda ya yi shiru da baki amma yana tsaki, yana tura kujera, yana ba abokan aiki labari a bayan ido, ba kawaici yake yi ba, gaba ce yake kiwo. Idan kina iya kawaici na gaskiya, shi ya fi, tunda an ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma harshe da haƙori ma da suke baki ɗaya sukan saɓa. Idan ba ki iyawa, Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, wato danne maganar da ta kamata a faɗa ba ya warware komai.

Karin maganar da ta dace da halinki ita ce: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Hoton da ke cikinta na matafiya ne, irin fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja daga ƙasar Hausa zuwa Salaga neman goro. Wanda ke tafe a baya shi ke ganin kayan na gaba sun karkace, kuma idan ya yi magana ba rabon kayan yake nema ba. Amma ki lura, ba a faɗar wannan karin magana ita kaɗai a yi shiru, shimfiɗa ce da ake yi kafin a fito da magana a sarari. Tirmizi ya ruwaito daga Ibn Umar cewa wani mutum ya yi gyatsa a wurin Manzon Allah (SAW), sai ya ce masa ya kame gyatsarsa, da kalmomi kaɗan, ba kewaye-kewaye. Tunda abokin aikinki ya girme ki, ki same shi shi kaɗai, ba lokacin da loma ke bakinsa ba, ki gaishe shi, ki ce: "Baba, a gafarce ni, kunnena ne ba ya jure ƙarar tauna idan ina aiki, ko za a taimaka mini a riƙa cin abincin a wancan ɗakin?" Idan nauyinsa ya hana ki, ki nemi wani sa'ansa a ofis ya yi masa hannunka mai sanda.

Ɗora abin a kan kunnenki ba dabarar baki ce kawai ba, yana iya zama gaskiya. A shekarar 2001 wasu masana biyu a Amurka, Pawel da Margaret Jastreboff, suka raɗa sunan misofoniya, wato ƙin sauti, ga halin da wasu ƙananan sautuka, musamman tauna da numfashi, ke tayar wa mutum da fushi ko ƙyanƙyami fiye da kima. Ki gwada kanki: idan sauran mutanen ofis ba su damu ba, kuma taunar 'yan gidanku ma tana tayar miki da tsikar jiki, to ko dattijon ya koma cin abinci a waje, gobe wani zai zo da gugguru. A wannan hali abin toshe kunne, ko sauya tebur, ko fita sallar azahar daidai lokacin da yake buɗe kwanonsa, za su fi yi miki amfani, kuma idan abin ya kai ga hana ki zama da mutane a kan tabarmar cin abinci, sai ki ga likita.