Tambaya da Amsa: Waya Ta Raba Yaron Wajena da Littafi

Tambaya: Malam, barka da aiki. Yaron wajena yana aji biyu a jami'a, kuma tun da aka rufe makarantu saboda annobar korona ya dawo gida, waya ba ta barin hannunsa. Nakan farka da tsakar dare in ga haskenta ta ƙasan ƙofar ɗakinsa, da asuba kuwa sai mahaifinsa ya gaji da bugun ƙofa kafin ya fito. Jakar littattafansa tana kan sif, ƙura ta rufe ta. Shin in karɓe wayar ne?
Daga wata uwa, Tudun Wada, Gusau, a lokacin rufe makarantu na shekarar 2020.

Amsa: Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Ban ba ki shawarar karɓe wayar ba, domin abin da yaron ya rasa shi ne tsarin lokaci, waya kuwa gurbi ta tarar ta cike. A watan Maris na 2020 aka rufe jami'o'i, a cikin watan ne kuma ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki, saboda haka ɗalibin da ya saba lacca ta fitar da shi da ƙarfe takwas na safe ya wayi gari babu mai nemansa, babu kuma ranar jarrabawa da zai ji tsoronta.

Ɓarnar da ta fi damuna ita ce ta barci. An ƙera Facebook da Instagram ta yadda abin kallo ba ya ƙarewa, ana gama wannan wani yana biye, hasken wayar kuma yana jinkirta zuwan barci. Wanda ya kwana a haka, ya saba da bidiyon minti ɗaya, da wuya ya jure shafi ashirin na littafi, kuma ranar da aka koma aji ne zai gane hakan. Akwai kuma jita-jita: saƙonnin magungunan korona na ƙarya sun yi yawan da har kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙon da ya riga ya zaga hannaye da yawa a watan Afrilun 2020. Yaron da yake karanta alƙaluman mamata dare da rana, fargaba ba za ta bar shi ba, ko da bai faɗa miki ba.

Sai dai a cikin wayar nan ne zauren WhatsApp na 'yan ajinsu yake, inda ake tura takardun darasi da sanarwar komawa, nan ne kuma yake jin muryar abokan da aka raba shi da su. Ku zauna da shi, ke da mahaifinsa, ku yi yarjejeniya: bayan sallar isha'i da awa ɗaya wayar ta kwana a caji a ɗakinki, a kakkaɓe jakar nan ya yi karatun awa biyu da hantsi, kuɗin data kuma a riƙa ba shi na mako-mako maimakon na wata. In akwai shago ko gona a gidan, a ɗora masa wani aiki da za a tambaye shi lissafinsa da yamma.