Amsa: Me ya sa mawaƙa mata ke tashe a ƙarshen shekaru goma?

'Yar'uwa, kin tambaya ko dace ne kawai ya sa taurarin waƙa mata ke ɓullowa duk lokacin da zangon shekaru goma, kamar shekarun 1990 ko na 2000, ya zo ƙarewa. Ni dai a ganina kalanda ba ta da hannu a ciki, hanyar da waƙa ke isa kunnen matasa ce take sauyawa.

Duba Britney Spears da Christina Aguilera a 1999. Zamanin faifan CD ne da tashar MTV, mawaƙiyar da bidiyonta ya karɓu ita ce da kasuwa. Ina tuna yadda shagunan kaset na Terminus a nan Jos suka cika da hotunansu, ƙannena mata har rawar suke kwaikwaya a tsakar gida in Baba ya fita. Zuwa 2008, lokacin Lady Gaga, Katy Perry da Adele, shafukan intanet na MySpace da YouTube sun fara karɓe ragama. Billie Eilish kuwa, da ta mamaye 2019, a SoundCloud, shafin ɗora waƙoƙi a intanet, aka fara jin ta, a ɗakin kwana ita da yayanta suka haɗa kundinta na farko.

Mu ma nan gida haka ne: Asa a 2007, Teni a 2018, Tems a 2019.

Abin da ke damuna shi ne Jos ɗinmu. Garin da ya fitar da P-Square, M.I da Ice Prince, amma 'yan matanmu masu murya kamar sarewa sai su tsaya a waƙar biki ko amshi a situdiyo, sunansu ko a fasta ba ya fitowa.