Kafin ka sa hannu a takardar inshorar gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama gina gidana a unguwar Arkilla da ke Sakkwato bara da kuɗin sallamar aiki. Da farkon daminar bana iska ta kwashe kwanon maƙwabcina, shi ya sa nake son yi wa nawa gidan inshora. An ba ni takarda mai shafuka da yawa da Turanci, wakilin kamfanin ya ce in sa hannu kawai, wai komai na ciki. Me ya kamata in fahimta kafin in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a gidan. Kada ka sa hannu tukuna. Ranar da abu ya faru, Allah ya kiyaye, kamfani ba zai tambayi abin da wakili ya faɗa maka da baki ba, takardar zai buɗe.

Fara da abin da ya tayar maka da hankali, wato iska. Inshorar gobara zalla tana biyan asarar wuta da tsawa da fashewar tukunyar gas ta girki. Iska da ambaliya da fashewar bututun ruwa ƙari ne da ake sakawa, da nasu kuɗin. Ka buɗe shafin da aka rubuta sunanka da adireshin gidan, ka ga an ambace su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwan Rima ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya san wannan ba ƙaramin zance ba ne a Sakkwato. Ka kuma tambaya ko katanga da ƙofar get suna ciki, don sau da yawa ana cire su daga ɓarnar iska.

Amma inda mutanenmu suka fi cutuwa shi ne adadin kuɗin da aka yi wa gida inshora a kansa. Wannan adadi ba farashin sayar da gidan ba ne, kuma ba abin da ka kashe lokacin gini ba. Abin da zai ci a sake gina shi yau ne, da farashin siminti da rodi da kwano da ladan magina na yau. Fili ba ya ciki, tunda ƙasa ba ta ƙonewa. Mutum sai ya rage adadin da gangan don kuɗin shekara ya yi sauƙi, yana ganin ai da wuya gida ya ƙone ƙurmus. A nan ne wani sharaɗi da ke cikin kusan kowace takarda yake kama shi. A ce sake gina gidanka zai ci naira miliyan 40, kai kuma ka rubuta miliyan 20. Wuta ta ci kicin da ɗaki ɗaya, ɓarnar miliyan 10. Kana zaton za a ba ka goman, tunda ba ta kai ashirin ba. A'a. Kamfani zai ce rabin gidan kawai ka ba shi, ɗaya rabin kai ka ɗauki nauyinsa, don haka miliyan 5 zai biya. Daga cikin biyar ɗin ma sai an cire kason farko na kowace asara da takardar ta ɗora maka. Nemi injiniya ko ƙwararren mai ƙiyasin gini ya yi maka lissafi, kuma ka sabunta shi duk shekara, don buhun siminti ba ya nan inda ka bar shi.

Gini daban, kayan cikin gida daban. Kujeru da firiji da kayan ɗakin uwargida sai an lissafa su da nasu adadin. Gwal da kuɗi tsaba galibi suna da iyaka, ko a cire su gaba ɗaya. Sata kuma yawanci sai da alamar fasa ƙofa ko taga.

Akwai fom ɗin tambayoyi da za ka cike, kuma ina roƙonka ka cike shi da kanka. Na taɓa zuwa duba wani gida da ya ƙone cikin hunturu. A sito na tarar da jarkoki guda shida sun narke sun manne da daɓe, ashe ɗan mai gidan yana sayar da man bumburutu a ƙofar gida. A fom an rubuta gidan zama kawai. Dattijon bai yi niyyar yaudara ba, wakili ne ya cike masa, amma ko sisi bai samu ba, kuma har yau abin yana min ciwo. In akwai shago a jikin gidan, ko ɗan haya, ko wani sashe ginin ƙasa ne, ka faɗa. In za ka rufe gidan ka yi doguwar tafiya, kamar aikin Hajji da dukan iyali, duba kwanakin da aka yarda a bar shi babu kowa.

In zuciyarka ba ta natsu da inshorar da aka saba ba, akwai takaful, wanda hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ta fitar wa ƙa'idoji a 2013. Gudummawa ake tarawa a asusu ɗaya ƙarƙashin kulawar malaman shari'a, a taimaki wanda asara ta samu. Sharuɗɗan da na lissafa duk za ka tarar da irinsu a can.

Kafin ka biya, tabbatar kamfanin yana da lasisin NAICOM. A dokar Najeriya kariya ba ta farawa sai kuɗin ya shiga, don haka ka biya a asusun kamfanin, ka karɓi rasit da cikakkiyar takardar. Sannan ka ɗauki hoton kowane ɗaki da waya, ka ajiye kwafi ɗaya a gidan wani ɗan'uwanka.