Shin gilashin da ake maƙala wa waya zai iya maye gurbin madubin likita?

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Funtuwa, madubin likita ɗaya gare mu, shi ma ya yi hazo. Na ga ana tallar wani ɗan gilashi da ake maƙala wa kamarar waya, wai yana girmama abu sau 1,000. In saya wa ɗalibai?

Amsa: Malam, ka saya idan da araha, amma kada ka yarda da wannan adadi. Yawancinsu waya ce ke buɗa hoton bayan gilashin ya gama iyakar ƙoƙarinsa, kuma buɗa hoto ba ya fito da abin da gilashi bai kamo ba. Abin tambaya shi ne ƙanƙantar abin da zai iya rarrabewa. Ƙwayar jan jini faɗinta maikuron 7 zuwa 8 ne (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), madubin asibiti mai kyau kuwa yana rarrabe abin da ya kai kusan maikuron 0.2, wanda nan ne hasken da ido ke gani ya yi iyaka.

Tsadar madubin asibiti daga gyaran aibin gilashi take. Gilashi guda ɗaya ba ya tara launukan haske a wuri ɗaya, shuɗi ya fi ja lanƙwasa, shi ya sa za ka ga bakin abu da zoben shuɗi ko ja. Tun 1758 John Dollond ya yi rajistar maganin wannan a Ingila: a haɗa gilashi iri biyu, ɗaya ya soke kuskuren ɗaya. Daga nan aka ci gaba da jera gilasai da yawa a cikin bututu guda, kowanne sai an goge shi an daidaita shi. Aikin nan ne kake biya.

Masu neman araha sai suka koma dabarar Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi na garin Delft a Holan, wanda ya ga ƙwayoyin bakteriya a shekarun 1670 da ƙwayar gilashi guda tak. Iya ƙanƙantar ƙwayar gilashin, iya ƙarfin girmamawarta. A kan wannan Manu Prakash da Jim Cybulski na jami'ar Stanford a Amurka suka gina Foldscope, suka bayyana shi a 2014. Jikinsa takarda ce da ake naɗewa, idonsa ƙwallon gilashi ne da bai kai milimita 3 ba, kayan haɗa shi ba su kai dala ɗaya ba. Yana girmama abu sau 140, yana rarrabe maikuron 2. Aibinsa shi ne tsakiyar hoto kaɗai ke fita tas, gefe ya dushe, kuma sai abin dubawa ya kusa taɓa gilashin.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta ɗakin binciken Daniel Fletcher a jami'ar California da ke Berkeley a Amurka. Sun ɗauki idon kamarar waya, suka juya shi baibai, suka ɗora a kan kamarar wata wayar. Da yake an riga an gyara aibinsa a masana'anta, hoton na fita har gefe. Da irin wannan na'ura, LoaScope, aka gwada jinin mutum sama da 16,000 a yankin Okola na Kamaru a 2015, ana ƙirga tsutsar Loa loa kafin a ba su maganin makantar rafi. Kai ma ka je wurin mai gyaran waya ya ciro maka idon matacciyar waya, ka manna shi a juye. Ka ɓare siririn bayan albasa, ka ɗiga masa aidin, ka haska tocila daga ƙasa, sannan ka tokare wayar da littattafai don hannu na rawa. Ɗalibai za su ga ɗakunan ƙwayoyin a jere kamar bulo.

Sai dai kada wani ya ce zai duba zazzaɓin cizon sauro da shi. Wannan sai gilashi mai girmama sau 100 da ake ɗiga wa mai, a haɗa da na ido mai sau 10.

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce an gaya mata idon kamarar waya roba ne, tana tsoron an sayar mata da jabu.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Murfin da kike taɓawa gilashi ne, amma na ciki, biyar zuwa bakwai a babbar kamarar wayoyin yanzu, akasari roba ne ko a waya mai tsada. Narka ta ake yi a zuba a mazubi, ta fito da lanƙwasar da goge gilashi zai yi wuya ya bayar, kuma mazubi ɗaya ya fitar da ɗimbin yawa. Kamfanin Largan na Taiwan na cikin manyan masu wannan sana'a. Idan hotonki ya yi hazo, ki fara goge murfin da ƙyalle mai laushi. Idan hazon daga ciki yake, ruwa ne ko ƙura, sai mai gyara.