Tambayoyin Masu Karatu: Zan iya tsallaka tsaunukan Alps a ƙafa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena yana karatu a Faransa, ya ce in zo hutun watan Yuli mu zaga tsaunin Mon Bulan a ƙafa tare da abokansa, tafiyar kwana 10. Shekarata 34, ina da shago a Kantin Kwari, ina buga ƙwallo duk ƙarshen mako, amma ban taɓa hawa abin da ya fi Dala da Goron Dutse ba. Hajiyarmu ta ce ba ta yarda ba. Zan iya kuwa? Me zan shirya? Daga wani mai karatu a Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In sha Allahu za ka iya. Amma kafin maganar biza da tikiti, ka je asibiti a duba rukunin jininka na sikila. Mu a nan sai maganar aure ta taso ake tuna wannan gwaji, alhali mai hawan tsauni ma yana buƙatarsa. Mai AS yana rayuwarsa lafiya ƙalau a Kano, wadda tsayinta daga teku bai kai mita 500 ba. Idan ya hau sama da mita 2,000, ga ƙarancin iskar shaƙa, ga wahala, ga ƙishirwa, jini yana iya toshewa a saifarsa, ya ji ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Ba kowa abin ke samu ba, amma yana faruwa. In kai AS ne, ka zauna da likita ka faɗa masa tsayin da za ka hau. In kai AA ne, mu ci gaba.

Hanyar da ƙanenka yake nufi a tsaunukan Alps na Turai take, kusan kilomita 170 ce, tana ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan, yawanci ana farawa kusa da garin Shamoni. Ba ƙololuwar Mon Bulan za ku hau ba, wadda ta haura mita 4,800. Kewaye ta za ku yi. Ba igiya, ba rataya a jikin dutse. Wannan shi ne abu na farko da za ka yi wa Hajiya bayani, domin na tabbata abin da take hangowa ke nan. Ka nuna mata hotunan hanyar, ka sa ƙanenka ya yi mata magana da bakinsa. In ta dage bayan haka, ka haƙura zuwa wata shekara, kada ka fita ba da albarkarta ba.

Wahalar tana wajen mashigai, wato wuraren da hanya ke tsallaka tsakanin tsauni biyu daga wani kwari zuwa wani. Kusan kullum akwai guda ɗaya, kuma in aka tara hawan tafiyar gaba ɗaya ya kai wajen mita 10,000. Ɗauki ranar tsallaka mashigin Col de la Seigne, mai tsayin mita 2,516, inda iyakar Faransa da Italiya take. Daga ƙauyen Les Chapieux za ka tashi, ka hau kusan mita 1,000 kafin ka isa. Da farko makiyaya ce da shanu masu ƙararrawa a wuya, daga nan hanya ta fara lanƙwasa tana miƙewa sama, ba inuwa, sai ciyawa da tsakuwa. Numfashi zai yi maka nauyi, ka riƙa ganin kamar ga ƙarshen nan, in ka isa sai wani tudun ya bayyana. A saman kuma iska ce mai ratsa ƙashi, kana jiƙe da gumi. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6, saboda haka ko a Yuli kana iya tarar da sauran dusar ƙanƙara a gefen hanya. Da ka tsaya, ka sa rigar sanyi nan take, kafin jiki ya huce.

Abin da nake so ka riƙe da hannu biyu shi ne lokaci. A Alps hadarin rani yawanci da rana yake haɗuwa, bayan Azahar, kuma mutumin da ke tsaye a mashigi ba abin da ya fi shi tsawo kusa da shi in tsawa ta sauka. Ku yi sammako, ku tsallaka kafin rana ta raba. Kowane dare ku tambayi mai masauki yanayin gobe. Su suka san wurin. In kuna hawa gajimare ya fara tashi yana duhu, ko hazo ya rufe alamun hanya, ku juya. A nan nake jin tsoron matasa irinku, musamman kana babban yaya a gaban ƙanenka da abokansa, ba ka so a ce kai ka fara gazawa. Haka kuma in ciwon kai ya kama ka tare da tashin zuciya da jiri, ka faɗa, ku sauka ƙasa, kada ka ɓoye. Lambar neman agaji 112 ce, kuma ka tabbata inshorarka ta haɗa da ceto da jirgi mai saukar ungulu.

Ƙwallo ta ba ka numfashi, amma ba ta koya wa gwiwarka gangara ba, gangarar kuwa ita ta fi cin mutum. Tun yanzu ka goya jaka mai kilo 8, ka riƙa hawa Dala kana sauka da sassafe, kana maimaitawa har tsawon awa biyu, sau uku a mako. Da takalmin da za ka tafi da shi za ka yi wannan, don ya saba da ƙafarka. Sabon takalmi a rana ta farko bororo ne kawai zai jawo maka a ƙafa. Ka samu sanduna biyu na tafiya, da rigar ruwa, da tabarau. Tufafin auduga ba sa bushewa da wuri, ka bar su a gida.

Masaukan kan hanya gado ake kamawa tun watanni kafin lokaci, don haka ƙanenka ya fara yanzu. Wajen kamawar ya rubuta musu cewa ba kwa cin naman alade ko abin da aka dafa da giya, domin abincin dare tukunya ɗaya ake yi wa kowa. Kada ka ɗauki kilishi, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama daga waje. Dabino da gyaɗa za su ishe ka a aljihu. Sallah kuma, ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa Azahar da La'asar tun kana gida, kuma ka duba lokutan can, domin a Yuli alfijir da wuri yake ketowa, Isha kuma sai dare ya yi nisa.